Yadda ake yi wa ƙasan jirgin ruwa fentin kariya daga tsatsa da gansakuka

Ɓangaren jirgin da ke nutse cikin teku yana fama da abubuwa biyu: tsatsa, wadda ruwan gishiri ke hanzarta ta, da kuma gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne wa ƙarfen har su rage gudun jirgi su ƙara masa shan mai. Matsalar ta fi tsanani a ruwa mai ɗumi irin na mashigin tekun Gini, musamman ga jirgin da ya daɗe a tsaye yana jiran shiga tashar Apapa a Legas ko Tema a Gana.

Da farko ana shigar da jirgin wurin gyara, wani gurbi da ake rufewa a janye ruwan cikinsa, a wanke jikinsa nan take da ruwan daɗi mai ƙarfin feshi, domin idan dattin ya bushe cire shi yana da wuya.

Daga nan sai gyaran fuskar ƙarfe, kuma a ganina ingancin aikin gaba ɗaya a nan yake. Ana fesa ƙananan tsakuwoyi da iska mai ƙarfi har tsatsa da tsohon fenti su tafi, ƙarfen ya kai matakin tsafta na Sa 2½ da ke cikin ƙa'idar ISO 8501-1, ya kuma yi ɗan kaushin da fenti zai kama. Bayan haka dole a gwada ko akwai sauran gishiri, domin gishirin da aka rufe da fenti yana jawo ruwa, fentin ya yi bororo ya ɓare komai tsadarsa. Ba a fara shafawa sai danshin iska ya gaza kashi 85 cikin ɗari, zafin ƙarfen kuma ya ɗara ma'aunin saukar raɓa, wato matakin sanyin da raɓa ke fara sauka a kai, da digiri 3 na Salshiyas aƙalla.

Shafin farko na ifoksi ne, wani nau'in fenti mai ƙarfin manni da ke zuwa a gwangwani biyu, ana haɗa su daidai yadda kamfanin ya ƙayyade, a yi amfani da haɗin kafin ya daskare. Ana bin layukan walda da kusurwoyi da buroshi, saboda a wuraren nan fenti ke yin siriri, sannan a fesa shafi biyu, ana auna kaurin kowanne bayan ya bushe. A kansa ake yin shafin haɗi, wanda zai riƙe na ƙarshe.

Shafin ƙarshe shi ne mai hana mannewa. Akwai mai ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, wanda ke narkewa a hankali yana fito da sabuwar fuska, akwai kuma na silikon, wanda santsinsa ke sa halittun su zame idan jirgi ya ɗauki gudu, don haka ya fi dacewa da jirgin da ba ya yawan tsayawa. Ba a shafa fenti mai jan ƙarfe a jikin alminiyom, domin jan ƙarfen yana cinye alminiyom ɗin. Fenti mai sinadarin TBT kuwa, wata guba da a da ake sa wa fenti don hana mannewa, haramtacce ne a ƙarƙashin yarjejeniyar Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya ta 2001, wadda ta fara aiki a 2008.

Guntayen tutiya da ake ɗaurawa a jikin jirgi don su ci tsatsa a madadin ƙarfen ba a shafa musu fenti, sai a lulluɓe su yayin aiki a buɗe su daga baya. Ba a mayar da ruwa sai lokacin bushewar da kamfanin fentin ya rubuta ya cika.