Babi na 6: Wa Za Ki Bar Wa Ɗanki?

Darasi na 1: Je ki gani da idonki

'Yan'uwa, da yawanku kukan bar yaro a hannun wata saboda kasuwa, ko aikatau, ko zuwa wannan ajin namu. Ko kakarsa ce, ko abokiyar zama, ko maƙwabciya, ko gidan raino na kuɗi, ki taka da ƙafarki ki ga wurin. Kada ki aika cewa kina tafe. Yi sallama, ki zauna ku gaisa, idonki yana yawo. Rijiya a rufe take? Ina murhu? Akwai kananzir a gorar lemo, ko fiya-fiya a ƙarƙashin gado? Mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. Ƙirga yaran da ke hannun mace ɗaya. In kin tarar da su duka sun sheme da barci da hantsi, ki tambayi abin da aka ba su, don akwai masu ɗura wa yara maganin mura su samu sararawa.

Yarinya 'yar shekara 8 ba mai raino ba ce, ita ma rainonta ake yi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta mata karatun shekara 9.

Darasi na 2: Takardar da za ki bari

Yago falle ɗaya daga littafinki. A layin farko rubuta sunan yaron. A layi na biyu sunanki. A layi na uku lambar wayarki. A nan ne ake tuntuɓe, don haka mu bi a sannu.

Lambar waya a Nijeriya guda 11 ce, kuma da sifiri take farawa. Ja ƙananan layuka 11 kamar haka:

_ _ _ _ _ _ _ _ _ _ _

Kowane layi lamba ɗaya. Fara daga hagu, ba daga dama ba kamar yadda muka saba a allo. Sifiri tukuna. Kin gama? Ɗora yatsa ki ƙirga da ƙarfi. In 10 kika samu, ɗaya ta faɗi. Ba komai, goge ki sake, kowa haka ya fara. Duba 6 da 9: mai ciki a ƙasa ita ce 6, mai kai a sama ita ce 9. Sake ƙirgawa. Guda 11.

Yanzu miƙa wa mai rainon takardar, ta buga lambar kina tsaye. Sai wayarki ta yi ƙara aiki ya kammala. In ba ta yi ƙara ba, koma layuka 11.

Bara wata ɗalibata ta bar takarda. Zazzaɓi ya rufe ɗanta da azahar, jikinsa ya fara jijjiga, mai raino ta yi ta bugawa waya ba ta shiga. Lamba 10 aka rubuta. Allah Ya kiyaye, maƙwabci ya kai shi asibiti a babur. Duk da haka har yau ina duba littattafanku ina ganin 10, wata ma 9! Haba 'yan'uwa, sau nawa zan faɗa? Ƙirga kuɗin cefane ba kwa kuskure, sai lambar da ran ɗanku ya rataya a kanta? Ku ƙirga. Guda 11. A ƙasanta ki ƙara ta maigida, ita ma 11, ita ma a gwada.

Darasi na 3: Abin da za ki gaya mata

Jaririn da bai cika wata 6 ba nono zalla yake sha, ko ruwa kada a ba shi. Tatsa ki bari a kofi mai tsabta da murfi. A kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro. In ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko gudawa ta kama shi, a kira ki nan take. Nuna mata inda katin rigakafi yake.

Darasi na 4: Kuɗi

Ku yanke nawa ne, a sati ko a wata, a gaban shaida. Ki rubuta.

Aikin gida

Rubuta takardar sau 3, ki zo da ita ranar Litinin.