Babi na 6: Baƙin da ke Fitowa a Rufi Bayan Damina

Darasi na 1

Ku ɗaga kai ku dubi rufin zamani mai tsakuwa-tsakuwa a sababbin unguwannin Katsina bayan ruwan Agusta. Za ku ga baƙi ya gangaro layi-layi kamar an kwarara tawada. Haka ma bangon da ke ƙarƙashin indararo. Ba hayaƙin murhu ba ne. Gansakuka ce, abu mai rai. Iska ke kawo irinta, laima ke raya ta, shi ya sa ta fi kama gefen da inuwar bedi ta rufe.

Darasi na 2

Don cire baƙin, a nemo Hypo (ruwan bilic na wanki), ruwa, bokiti, safar hannu da abin feshi wanda ba a taɓa zuba maganin gona a ciki ba. Gwangwani 1 na Hypo, gwangwani 1 na ruwa, da gwangwani guda za a auna duka. A fara jiƙa shukokin tsakar gida da ruwa zalla, sannan a fesa a kan baƙin, da sassafe kafin rana ta yi zafi.

To, sai a jira minti 15 zuwa 20.

A nan kowa ke tuntuɓe, kuma ba abin kunya ba ne. Hannu ya saba da cuɗa, da an fesa sai ya nemi buroshi. Ajiye buroshin, Malam. Maganin ke kashe gansakukar, ba ƙarfinka ba. Cuɗa tana kankare tsakuwar da ke kare rufin. Wanda bai iya duba agogo ba tukuna, ya sa yaro ya saita masa ƙararrawa a waya. Fesa, jira. Mu sake faɗa tare: fesa, jira. Idan wurin ya fara bushewa, a ƙara fesawa, a ci gaba da jira.

Sau uku na bayyana wannan a aji, amma wani dattijo ya dawo yana cewa magani bai yi ba. Minti nawa ka jira, Baba? Biyu. Haba, jama'a! Ko tuwo ana barinsa ya turara. A jira!

Daga nan a ɗauraye da ruwa mai yawa, daga sama zuwa ƙasa, a hankali.

Darasi na 3

Kada a haɗa Hypo da maganin wanke masai, tururinsu guba ne. Kada a taka jiƙaƙƙen rufi. Wani ya riƙe tsani.

Darasi na 4

Don kada baƙin ya dawo da wuri, a sassabe rassan da suka rufe rufin. A kwashe ganye daga indararo.