Yadda ake lissafin kwanan wata da lokaci a Excel

Wanda ya taɓa riƙe rajistar ma'aikata ko littafin masu bashi a Excel ya san takaicin rubuta kwanan wata ya ga ya rikiɗe ya koma 45292. Kwamfutar lafiyarta ƙalau. A wurin Excel kowace rana lamba ce: 1 ga Janairu 1900 ita ce 1, washegari 2, haka ake ta ƙirgawa har 1 ga Janairu 2024 ta zama 45292. Lokaci kuwa gutsuren yini ne, ƙarfe 12 na rana 0.5, ƙarfe 6 na yamma 0.75. Idan ka riƙe wannan, sauran duk tarawa ne da ɗebewa.

Mataki na farko, tabbatar cewa abin da ka shigar kwanan wata ne na gaske. Mu mun saba fara rubuta rana sannan wata, amma kwamfutoci da yawa suna zuwa da saitin Amurka, inda wata ke gaba. Ka rubuta 03/04/2025 kana nufin 3 ga Afrilu, ita ta ɗauka 4 ga Maris ne, kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba. Ka rubuta 25/04/2025, tun da babu wata na 25, sai ta ajiye shi a matsayin rubutu zalla. Alamarsa ita ce ya jingina hagu a cikin akwatin, alhali kwanan wata na gaske dama yake jingina. Wannan kuskuren ya fi kowanne ɓarna, domin rabin jerin yakan juye, rabi ya zama rubutu, ido kuma bai ga bambanci ba. Ni shawarata, in kana shakka yi amfani da =DATE(2025,4,3), wato shekara, wata, rana. Wannan ba ya rikicewa a kowace kwamfuta.

Na biyu, kwanan watan yau. =TODAY() yana ba ka ranar da ake ciki, =NOW() ya haɗa da lokaci, kuma dukansu suna sauyawa duk lokacin da aka buɗe fayil. Saboda haka kada ka sa su a rasit. In ranar da za ta tsaya cak kake so, danna Ctrl tare da alamar ; (waƙafi mai ɗigo a sama) kawai.

Na uku, tazara tsakanin ranaku. In ranar karɓar bashi tana A2, =TODAY()-A2 zai gaya maka kwana nawa ke nan. Idan amsar ta fito da kamar kwanan wata, danna Ctrl+1 ka zaɓi General. Shekarun mutum kuwa =DATEDIF(A2,TODAY(),"Y") ne; sa "M" in watanni kake nema. Excel ba ya nuna DATEDIF a jerin da yake kawowa yayin da kake rubutu, gado ne daga tsohuwar manhajar Lotus 1-2-3, amma yana aiki. Guji "MD" dai, wato zaɓin DATEDIF mai ƙirga ragowar kwanaki bayan cikakkun watanni, Microsoft da kansa ya yi gargaɗi cewa yakan ba da amsar da ba daidai ba.

Don ƙara watanni, kada ka tara kwana 30-30, ai watanni ba tsawonsu ɗaya ba. =EDATE(A2,6) zai kai ka wata shida gaba. Mai lissafin ritayar ma'aikacin gwamnatin tarayya a Najeriya, inda ƙa'ida ta gama-gari take shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga, zai rubuta =MIN(EDATE(A2,720),EDATE(B2,420)), ranar haihuwa a A2, ranar kama aiki a B2.

Ranakun aiki zalla kuma =NETWORKDAYS(A2,B2) ne, yana cire Asabar da Lahadi. Inda Juma'a ce kaɗai ranar hutu, rubuta =NETWORKDAYS.INTL(A2,B2,"0000100"). Lambobin bakwai suna farawa daga Litinin, 1 na nufin hutu. Hutun Sallah da Mauludi sai ka jera su da hannunka a wani wuri ka nuna wa fomular, tun da ganin wata ne ke tsayar da su.

Sai awannin aiki. Mai gadi ya kama aiki ƙarfe 22:00 ya tashi 06:00. In ka ɗebe kai tsaye amsar za ta faɗi ƙasa da sifili, akwatin ya cika da alamun ####. Rubuta =MOD(C2-B2,1), lokacin kamawa a B2, na tashi a C2, zai ba ka 8:00. In za ka biya shi bisa awa, ninka amsar da 24 tukuna, ka mayar da akwatin General, in ba haka ba kuɗin sulusin awa za ka lissafa masa. Haka in ka tara awannin mako, jimillar takan koma sifili duk bayan awa 24. Danna Ctrl+1, shiga Custom, ka rubuta [h]:mm.

'Yan'uwa na Nijar masu Excel na Faransanci, TODAY a wurinku AUJOURDHUI ne, NOW kuma MAINTENANT, sannan alamar ; ake sawa tsakanin sassan fomula a maimakon waƙafi.