Kurakuran da masu zuwa tsaunukan Himalaya na Nefal suka fi yi, da yadda za a gyara su

Na gaji da ganin jadawalin tafiya iri ɗaya daga hannun mutane daban-daban waɗanda suke shirin zuwa ƙasar Nefal domin ganin tsaunin Everest da idonsu. Kowa yana turo mini nasa yana neman in duba, kuma kusan kullum matsalar ɗaya ce: an matse kwanaki, an cika wuraren ziyara, an ware kuɗin hoto da tsaraba, amma ba a ware wa jiki lokacin da zai saba da ƙarancin iska ba. Saboda haka na ga ya dace in tattara abin da nake ta maimaitawa a wuri guda.

Kuskure mafi muni shi ne gaggawar hawa. Katmandu, babban birnin ƙasar, yana kan tsayin kimanin mita 1,400 daga matakin teku, wato bai ɗara Jos da yawa ba, don haka baƙo yana yawo a cikinsa lafiya lau har ya ɗauka cewa haka sauran tafiyar za ta kasance. Daga nan ƙaramin jirgi zai sauke shi a Lukla, a kan tsayin da ya haura mita 2,800. Ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna wannan adadi, domin Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wanda babu tsaunin da ya fi shi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne kawai. Inda ake fara takawa a can ya riga ya wuce ƙololuwar ƙasarmu. Daga Lukla ake zuwa Namche mai mita 3,440, sannan Tengboche, sannan Dingboche mai mita 4,410, har a kai sansanin da masu hawan Everest suke yada zango a kan mita 5,364, inda iskar oksijin da ke shiga huhu a kowane numfashi take kusan rabin wadda mutum yake samu a bakin teku.

Jiki yana iya sabawa da wannan yanayi, amma da sharaɗin a ba shi lokaci. Ƙa'idar da likitocin tsauni suke bayarwa ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin da za a kwana yau ya fi na jiya tsayi da sama da mita 500, kuma bayan kowace mita 1,000 a ƙara kwana guda ba tare da an matsa gaba ba. Wannan ne dalilin da ya sa tsarin da aka saba yake ɗaukar kimanin kwana 12 daga Lukla a dawo Lukla, da hutu a Namche da kuma Dingboche. Waɗannan ranakun hutu su ne abin da baƙi suka fi saurin sokewa domin rage kuɗin masauki ko domin hutun ofis ya ishe su, kuma akwai kamfanonin yawon buɗe ido da suke biye musu saboda kada ciniki ya wuce su. Ni ban yarda da kowane jadawali da babu kwana biyu a Namche ba, ko da wane ne ya tsara shi. A ranar hutun ma ba kwanciya nake yi ba: nakan hau tudun da ke saman garin da hantsi, in dawo ƙasa in kwana, domin hawa sama da rana da kwana a ƙasa shi ne yake koya wa jiki sabo.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ɓoye ciwo, kuma wannan hali ya taɓa jawo mana babbar asara. A cikin ayarinmu akwai wani matashi ƙaƙƙarfa mai buga ƙwallo, wanda kullum shi ne a gaba, yana isa masauki kafin kowa. Ashe tun daga Tengboche kansa yake sarawa, abinci ba ya shiga, barci ya ƙaurace masa, amma ya yi ta haɗiyar farasitamol a ɓoye saboda kada a ce ya gaza. A Dingboche da tsakar dare muka ji yana tari mai kumfa, numfashinsa yana ƙara ko da yana zaune, leɓɓansa sun sauya launi. Ruwa ne ya taru masa a huhu. Sai da aka sauko da shi cikin duhu da sanyi zuwa Pheriche, inda ƙungiyar ceto ta Himalaya take da ƙaramin asibiti a lokutan da baƙi suke yawa, sannan da safe jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi zuwa Katmandu. A nan ne muka gano cewa inshorar da ya saya ba ta shafi abin da ya faru a irin wannan tsayi ba. Muka yi karo-karo da guzirinmu, tafiyar kowa ta watse, kuma da Allah bai sa an ji tarin nan ba, da gawa za mu sauko da ita.

Don haka ina faɗa da babbar murya: ciwon tsauni ba ya duba ƙarfi, ba ya duba ƙuruciya, kuma sau da yawa masu ji da ƙarfi ne yake kamawa domin su ne suke sauri. Wanda ya ji ciwon kai tare da tashin zuciya, jiri ko kasala, to ya ɗauka ciwon tsauni ne har sai an tabbatar da akasin haka, ya faɗa wa ja-gora nan take, kuma kada ya ƙara hawa ko taku ɗaya. Idan ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko numfashi ya gagare shi alhali yana hutawa, to a sauko da shi a lokacin, ko da ƙarfe biyun dare ne, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai. Babu wata jarumta a cikin shiru da irin wannan ciwo; jefa rayuwar abokan tafiya da 'yan dako cikin haɗari ne kawai. Maganin Diamox yana taimaka wa jiki wajen sabawa, kuma ni ina tafiya da shi bisa shawarar likita, amma ba lasisin gudu ba ne. Inshora kuwa a karanta takardarta layi-layi, a tabbatar an rubuta cewa ta ƙunshi tafiyar ƙafa har mita 6,000 da ɗauka a jirgi mai saukar ungulu.

Wani kuskuren kuma ya fi shafarmu mu 'yan Afirka ta Yamma, kuma ba kasafai littattafan jagora suke ambatonsa ba: tafiya ba tare da sanin rukunin jini na gado ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya suna ɗauke da AS, kuma da yawa ba su taɓa jin wata damuwa ba a rayuwarsu. Amma a inda oksijin ya yi ƙaranci, musamman idan an haɗa da gajiya, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki, ƙwayoyin jinin mai AS suna iya lanƙwashewa su toshe hanyoyin jini a saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har ya harba zuwa kafaɗa. Gaskiya ne yawancin masu AS suna hawa su sauko lafiya, amma ja-goran da ya saba da baƙi daga Turai ba lallai tunaninsa ya kai can ba, zai iya cewa ɓacin ciki ne a ci gaba da tafiya. Ina mamakin yadda mutum zai yi gwajin jini kafin aure, amma ya kashe miliyoyi zuwa inda iska ta ragu da rabi bai tambayi likita ba. Ni ba na tafiya da kowa sai na san sakamakonsa. Mai AS ya ga likita tun a gida, ya sanar da ja-gora, ya yawaita shan ruwa, ya rage sauri. Mai sikila, SS ko SC, shawarata ita ce ya bar hanyar Everest gaba ɗaya. Birnin Pokhara yana ƙasa da mita 1,000, kuma daga bakin tafkin Phewa ana hangen jerin tsaunukan Annapurna da ƙololuwar Machhapuchhre a sarari idan gari ya waye babu gajimare.

Sai batun biza, wanda yake mayar da wasu gida tun daga filin jirgi. Baƙi da yawa suna karɓar bizar Nefal bayan sun sauka, amma masu fasfon Najeriya, Gana da Kamaru suna cikin waɗanda ba a ba su wannan dama, dole su nemo ta daga ofishin jakadancin Nefal kafin su taso. Kada a dogara da labarin wani Bature.

Lokacin tafiya ma ana yawan kuskurensa. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, gajimare yana rufe tsaunuka, hanyoyi suna zaftarewa, jirage suna kwana a ƙasa. Oktoba da Nuwamba sun fi sararin sama mai tsabta, sai kuma Maris zuwa Mayu. Ko a cikin waɗannan watanni yanayi yana juyawa: a Oktoban 2014 guguwar ƙanƙara ta rutsa da matafiya a kusa da mashigin Thorong La da ke yankin Annapurna, mutane fiye da 40 suka rasu. Jirgin Lukla kuwa, mai sauka a kan titin da bai fi mita 527 ba, hazo kaɗan yana soke tashinsa, kuma a lokacin cunkoso ana mayar da tashin zuwa Ramechhap, tafiyar sa'o'i a mota daga Katmandu. Wanda ya sa tikitin komawa gida washegarin ranar da zai baro Lukla ya shirya sayen wani. Ni kwana biyu nake bari a tsakani.

A kan abinci ra'ayina yana da tsauri. Mutanen Sherpa mabiya addinin Buda ba sa yanka dabba a Khumbu, wato yankin da hanyar Everest take, saboda haka naman da ake gani a masaukai daga ƙasa ake ɗauko shi a baya, ya yi kwanaki a hanya. Ga Musulmi akwai batun yanka, ga kowa kuma akwai batun gudawa. Daga Lukla zuwa sama ba na cin komai sai dal bhat, wato shinkafa da miyar wake da ganye, wadda ake dafawa sabuwa kuma ake ƙara wa mutum idan bai ƙoshi ba. Ruwa kuma sai tafasasshe ko wanda aka sa wa magani. Idan tafiyar ta faɗo cikin Ramadan, a tuna cewa shari'a ta yi wa matafiyi rangwame, kuma ƙishirwa a irin wannan tsayi tana da haɗari.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata tafiya. Sabon takalmi yana cin ƙafa, a taka shi makonni kafin a taso. Baƙar fata ba ta kare ido daga hasken da ƙanƙara take mayarwa, a riƙi tabarau mai kyau. A canji isassun rufi, wato kuɗin ƙasar, a Katmandu, domin na'urar cire kuɗi a tsauni ba abin dogaro ba ce, kuma cajin waya da ruwan wanka duk na kuɗi ne. Idan ayarin shanun yak ya tunkaro a siririyar hanya, a raɓe ta gefen dutse, ba ta gefen rami ba. A bi ta hagun duwatsun da aka sassaƙa wa addu'o'i da hasumiyoyin ibada irin ta Boudhanath da ke Katmandu, su kasance a hannun dama kamar yadda masu wurin suke yi, kuma a Pashupatinath, wurin bautar Hindu da ke Katmandu, kada wanda ba Hindu ba ya nemi shiga babban ɗakin bauta. Kayan da za a ba ɗan dako kuwa a auna su tun a masauki, a rage duk abin da ba dole ba, a kuma tabbatar yana da rigar sanyi da takalmi, domin shi ma ciwon tsauni yana kama shi.