Masu fama da dannau, ga shawara

Salamu alaikum 'yan uwa. A lokacin barcin mafarki, ƙwaƙwalwa kan sassauta tsokokin jiki don kada mutum ya aikata abin da yake mafarki. Idan ka farka kafin jikin ya sake, shi ne za ka ji an danne ka, ba motsi ba magana. Da ban tsoro, amma yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko mintuna kaɗan.

In ya zo, ja numfashi a hankali, ka yi ta ƙoƙarin motsa ɗan yatsa. Ka guji kwanciya rigingine, ka daina kwana a kan waya, kuma a bar goro da kofi bayan la'asar. Idan abin ya yawaita, ga gyangyaɗi da rana tsaka, je ka ga likita.