Idan hoton da ke kare allo (screen saver) ya ƙi fitowa a kan lokaci

Kwamfuta ba ta san ka tashi daga kujera ba. Ita dai ƙirga take yi: minti nawa aka ɗauka ba a taɓa linzami (mouse) ko madannai (keyboard) ba. Da zarar wani abu ya motsa, ko kai ba ka gani ba, sai ƙirgan ya koma farko. Shi ya sa ba na son in ji an ce a sake zuba Windows saboda wannan. Galibi wani abu ne ke taɓa ta a ɓoye, shi za ka nemo.

Fara da saitin. A Windows 10 ko 11, shiga Settings, sai Personalization, sai Lock screen, ka gangara zuwa Screen saver. Tabbatar ba None aka zaɓa ba, sannan ka mayar da Wait minti 1, ka ɗauke hannu ka zuba ido. Leƙa saitin wuta ma: idan allo na mutuwa bayan minti 5, kai kuwa ka ce hoton ya jira minti 10, ai ba za ka taɓa ganinsa ba.

In saiti daidai yake, linzami nake fara zargi. Kifa shi ka dubi ɗan ramin da haske ke fitowa. Silin gashi ɗaya ko ƙura a wurin ya isa ya sa kibiyar ta riƙa ɗan rawa, rawar da ido ba ya kamawa. Tebur mai gilashi ko mai ƙyalli ma yana ruɗa shi. Goge shi, ko ma ka zare shi gaba ɗaya ka gwada. Abin buga gem da aka bari a jone shi ma hakan yake yi, musamman in sandarsa ta yi sako-sako.

Saura manhajoji. Bidiyon da ke gudana a burauza ko manhajar taro da gangan suke hana allo hutawa. Buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta wa kwamfuta umarni, a matsayin administrator (mai cikakken iko a kan kwamfutar), ka rubuta powercfg /requests. Sunan da ya bayyana ƙarƙashin DISPLAY, shi ne ya riƙe allon. Rufe shi ka sake gwadawa.

Idan kuma don kada wani ya leƙa aikinka kake dogara da hoton, don Allah kar ka jira shi. Danna maɓallin Windows da L tare kafin ka tashi, nan take za ta kulle.