Babi na 7: Yadda ake sa wa fitilar tsohon babur rele

Idan duhu ya yi a hanyar Mirriya ko ta Magarya, za ku ga babura biyu iri ɗaya. Ɗaya fitilarsa fara ce tas, ɗayan kuwa ja-ja-ja, da ƙyar take nuna rami, balle amalanken shanu da ke gaba ba fitila. Mai babur ɗin zai ce ƙwai ne ya tsufa, ya je kasuwar Dole ya sayo sabo, ya sa, abin ya ƙi canjawa. Sau da yawa laifin ba na ƙwai ba ne. Wuta ce ba ta isa gare shi da ƙarfinta.

A tsohon babur, wutar fitila tana fitowa daga batir, ta bi ta wurin makulli, ta hau hannun babur zuwa maɓalli, sannan ta sauko ƙwai. Wayoyin sirara ne, shekaru sun ci su, ƙurar hunturu ta shiga maɓalli, tsatsa ta kama mahaɗai. A kowane wuri sai wuta ta ɗan rage. Kuma ƙwan fitila ba ya jure ragi: idan kashi 10 cikin 100 na wuta ya ɓata a hanya, haske yana raguwa da kusan kashi 30.

Maganin wannan shi ne rele. Ɗan akwati ne baƙi, bai kai kwalin ashana biyu ba, da ƙafafun ƙarfe huɗu a ƙasansa. Da an sa shi, maɓallin hannu ya zama ɗan aike, rele ya zama ɗan dako: maɓalli ya kai saƙo kawai, rele ya ɗauko wuta mai nauyi daga batir kai tsaye zuwa ƙwai ta waya mai kauri.

Amma kafin ku kashe ko dala, ku yi wannan gwaji, don ba kowane babur wannan aiki ya dace da shi ba. Ku murɗa makulli, kada ku tada inji, ku kunna fitila. Idan ta kama, daga batir take sha, aikin zai yiwu. Idan ba ta kama ba sai inji ya tashi, kuma haskenta yana ƙaruwa in an murɗa totur, to daga injin take sha kai tsaye. Ƙananan babura da yawa na da haka aka ƙera su. Irin wannan in aka sa masa rele sai ya yi ta kukan zirrr, in kuma aka mayar da fitilar kan batir, batir ya mutu, don cajin da injin ke ba shi bai kai abin da fitila ke sha ba. Ku bar shi, ko ku kai wa gwanin wutar babur ya sake tsarin caji. Sannan ku karanta jikin batir. Honda CG 125 na farko-farko, wanda aka fara yi a 1975, volt 6 yake amfani da shi. Rele mai volt 12 ba zai yi aiki a kansa ba, sai mai 6.

Yanzu ku juya rele ku dubi ƙasansa. Kusa da kowace ƙafa akwai lamba ƙanana: 30, 85, 86, 87. Tsarin Jamus ne, kuma kusan duk rele irin wannan haka lambobinsa suke. Wanda ya iya karanta lambobin nan huɗu ya yi rabin aikin, shi ya sa muka kawo darasin cikin wannan littafi. Idan naku mai ƙafa biyar ne, ta tsakiya mai lamba 87a ku bar ta ba waya.

Rele biyu za ku nema, ɗaya na hasken kusa da makanikanmu ke ce wa kod, ɗaya na hasken nesa, wato far. Sai waya mai kauri milimita 1,5 ko 2,5, da fizibil, wato ɗan abin da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa, mai ampe 10 da gidansa, da kos na bakin waya, da filaya, da sikoci baƙi.

Ku fara cire wayar batir ta gefen alamar ragewa. Daga gefen alamar ƙarawa ku ja sabuwar waya, ku sa fizibil dab da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya, ku kai ta ƙafa ta 30 a rele biyun. Daga 87 ku ja waya mai kauri zuwa ƙwai. Tsohuwar wayar da ke zuwa ƙwai daga maɓalli, ku cire ta ku kai ta 86, ta kod a rele ɗaya, ta far a ɗayan. Ƙafa ta 85 kuwa ta masa ce, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a ɗaure ta a ƙarfen jikin babur, wurin da aka kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli. Shi ma ƙwan ku ba shi sabuwar masa mai kauri, don wuta sai ta samu hanyar komawa.

Launin waya yana ruɗa mutane. A Honda fara ce ta kod, shuɗiya ta far, koriya masa. A Yamaha kuwa koriya ita ce ta kod, ɗorawa far, baƙa masa. Babur da ya yi shekara 40 ya bi ta hannun makanikai da yawa, saboda haka kada ku dogara da launi, ku gwada kowace waya da ɗan ƙwai.

Maganar fizibil ina roƙonku ku riƙe ta. Wayar nan ta 30 tana da wuta dare da rana, ko makulli na aljihunku, kuma ƙarƙashin tankin mai take bi. In ta goge da ƙarfe ba fizibil, gobara ce. In fizibil ya ƙone, a nemi dalili a sa sabo. Kada a ɗaura guntun waya a madadinsa.

Ku ɗaure rele nesa da zafin inji, ƙafafunsa na kallon ƙasa don ruwan damina kada ya kwanta ciki. Ku juya kan babur dama da hagu har ƙarshe, ku tabbata waya ba ta ja. Sai ku mayar da batir, ku kunna. Za ku ji ƙas daga rele, fitila ta kama. Kada murna ta sa ku sayo ƙwai mafi girma, cajin tsohon babur ba zai ɗauka ba.

Aikin aji: ana raba wat da volt a samu ampe. Ƙwai mai wat 60 a babur mai volt 12, ampe 5 ke nan. To ku lissafa na ƙwai mai wat 35. Sannan kowa ya zana rele a littafinsa, ya rubuta lambobin huɗu, ya ja layi daga kowace ƙafa zuwa inda wayarta ke tafiya.